TAMBAYAR DA SARKI ZAI YI MANA: JAWABIN MAJALISAR DATTAWA A BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN

Nassi: Matiyu 25:31-46

 

Kwamitin biki ya ba mu dattawa wannan fili domin mu yi magana a madadin ikilisiya. Tarihinmu da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a nan daga 1975 zuwa 2025 an buga su a wasu shafuffuka na wannan littafi, ba sai mun maimaita ba. Da muka zauna muna shawarar abin da za mu faɗa, wani tsoho a cikinmu ya ce: yau baƙi za su tambaye mu mutum nawa muka yi wa baftisma, rassa nawa muka buɗe, kwano nawa ya shiga rufin majami'a, to, shi Mai ikilisiyar, in ya zo, me zai tambaya? Maganar nan ce ta kai mu ga nassin da aka karanta. Tsofaffinmu da suka tashi da juyin 1932 suna kiran littafin Matta, yaranmu da suka tashi da juyin 1979 suna cewa Matiyu. Duk ɗaya ne.

Wannan ita ce koyarwa ta ƙarshe da Matiyu ya rubuta kafin ya shiga labarin kama Ubangiji da gicciye shi. Saura kwana biyu Idin Ƙetarewa. Wanda za a tsayar gaban shari'a cikin makon nan, shi ne yake faɗa wa almajiransa yadda shi zai zauna ya yi wa dukan al'ummai shari'a. Ya kwatanta kansa da makiyayi mai rarrabe tumaki da awaki. Ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan. Yaranmu suna kora su tare da safe, tare suke kiwo, tare suke shan ruwa, sai da yamma kowa ya je turkensa. Mu lura: wunin nan duka a gauraye suke, mai su ne kaɗai yake rarrabewa, kuma sai rana ta yi sanyi. Ba a ba wata tunkiya wannan aiki ba.

Da me zai rarrabe? Da abu shida: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo, da kurkuku. Sau huɗu aka jera su a cikin ayoyi kaɗan, sau biyu daga bakin Sarkin, sau biyu daga bakin waɗanda ake yi wa shari'a. In malami ya maimaita abu sau huɗu, ɗalibi ba shi da hujjar cewa bai ji ba. Abin da ya fi tsorata mu kuwa shi ne laifin waɗanda aka tsayar a hagu. Ba a ce sun yi sata ba, ba a ce sun yi kisa ko zina ko tsafi ba. An dai ce sun ga mai bukata sun wuce. Su ma da sunan Ubangiji suka kira Sarkin. Watakila ba su taɓa fashin sujada ba.

A nan dole mu tsaya mu share wata ƙura, domin wani zai fita ya ce dattawa sun koyar da cewa aiki ne yake ceto. Ba mu faɗi haka ba, ba kuwa za mu faɗa ba. Afisawa 2:8-10 ta koya mana cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri, ta hanyar bangaskiya, ba wanda zai yi fahariya da shi. Amma aya ta goma ta ƙara da cewa an halicce mu cikin Kristi domin ayyuka nagari. A nassinmu ma, abin da aka ba na dama gādo ne, wanda aka shirya tun kafin su yi kome. Ɗa ba ya sayen gonar ubansa. Sa'an nan ku dubi mamakinsu: ba su san sun yi wa Sarki wani abu ba. Da suna tara lada suna ƙirgawa kamar mai adashi, da sun fito da lissafinsu nan take. Ba su ƙirga ba, domin jinƙai ya riga ya zama halinsu. 'Ya'yan mangwaro ba su ne suke rayar da itacen ba, amma itacen da ya shekara hamsin bai yi ɗa ko ɗaya ba, mai gona yana da dalilin zuwa da gatari. Abin da Yakubu yake nufi ke nan a sura ta 2, inda ya kira bangaskiyar da take sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai matacciya.

Mu a wannan ƙasa mun fi kowa sanin haka, domin ta ƙofar jinƙai bishara ta iso mana. Shekaru da yawa gwamnatin Turawa ba ta yarda mishan su yi aiki a cikin masarautun Musulmi na Arewa ba. Abin da ya buɗe hanya sosai shi ne cutar kuturta. A 1937, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu wannan cuta tare da haɗin kan hukumomin En'e. Na ƙasar Kano a Sumaila aka fara, nan kusa da mu, daga baya aka koma Yadakunya. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa. Maganin wancan lokaci allurar wani mai ce da ake samu daga 'ya'yan itace na ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan. Sai daga baya ƙwayar dafson ta zo. Saboda haka abin da ma'aikatan farko suka fi bayarwa shi ne hannunsu: wanke miki, ɗaure yatsu, zama kusa da mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya. A can mutane da dama suka koyi karatu, daga cikinsu aka sami masu bishara da suka shiga ƙauyuka. A 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun ECWA, Musulmi da Kirista suna bin layi ɗaya. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi yawancin asibitoci da makarantun mishan. Yau kuturta tana warkewa sarai, tun 1995 kuma kyauta ake ba da maganinta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya soma sha kuwa ba ya ɗaukar wa kowa. Duk da haka har yanzu akwai gidajenmu da ake ƙyamar wanda ya warke. Wannan abin kunya ne ga jikokin mutanen da aka kawo wa bishara da bandeji.

Ga kuma yadda aka haifi wannan ikilisiya. Wanda ya kai shekara sittin a nan yana tuna farin 1973. Dawa ta bushe a tsaye, dabbobi suka mutu, mutane daga arewa da Nijar suka yi ta gangarowa kudu da 'ya'yansu. A 1974 aka gama dam na Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wasu ƙauyuka suka tashi suka bar gonakin kakanninsu a ƙarƙashin ruwa. A 1975, shekarar da aka kafa mu, kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a duk faɗin ƙasar Kano, kuɗin da manomi yake sa rai da shi na haraji da sutura ya tafi. Cikin wannan hali mai bishara na farko ya sauka a garinmu, da keke da Littafi da ɗan maganin ido. Wanda ya ba shi zaure ba Kirista ba ne, bai kuwa zama Kirista ba sai gab da mutuwarsa. Ya dai ce baƙo ba ya kwana a waje. Matan gidan nan suka ciyar da shi daga hatsin gayaunarsu, a shekarar da su ma ba su ƙoshi ba. A zauren nan aka yi sujada ta fari.

Iyayenmu na farko, kafin su sa bulo ɗaya, rumbu suka gina. Matasa da yawa ba su san wannan ba. Yana nan bayan tsohuwar majami'ar laka, inda yanzu ake ajiye babura. Ranar godiyar kaka kowane gida yakan kawo dami, na dawa ko na gero ko maiwa, a zuba a ciki a liƙe. Ba a buɗewa sai tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, lokacin da mutum yakan bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a ta wani domin tuwon dare. Sai dattawa biyu su ɗiba da dare su kai gidan da suka san ba a hura wuta ba. Da safe ba wanda ya san wa aka kai wa. Rumbun nan ya yi aiki a farin 1984. Waɗanda suka yi wannan ba su da ilimin tauhidi, yawancinsu da ƙyar suke haɗa baƙi, amma sun karanta labarin Yusufu da rumbunan Masar, sun karanta Ayyukan Manzanni 11 inda masu bi na Antakiya suka aika wa Yahudiya gudummawa lokacin yunwa, suka ce ashe haka ake yi.

Yaushe rumbun ya rushe? Ba wanda ya yanke shawarar rushe shi. Ginin majami'a ya taso, muka ce bana kaɗai a yi gwanjon kayan godiya a sayi siminti. Baɗi aka sake cewa bana kaɗai. Aka gama gini, sai gidan fasto, sai katanga, sai janareta, sai kayan kiɗa. Duka abubuwa ne masu kyau, ba mu yi nadamar ko ɗaya ba. Amma hatsin da ake ajiye wa gwauruwa ya koma hannun 'yan kasuwa tun watan Disamba, lokacin da ya fi araha, ya hau mota zuwa Dawanau. A watan Agusta ita gwauruwar ta je ta ranto tiya ɗaya a kan za ta biya biyu. Wani lokaci ma a hannun ɗan ikilisiya take rantowa. Mun san wannan, mun yi shiru. Hatta kala, wadda Littafin Firistoci 19:9-10 ya umarta a bar wa matalauci da baƙo, wadda Rut ta rayu da ita, ta ragu: yanzu ana kwashe gona har kara da harawa a sayar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na taki da na magani suka tashi, kowa ya ƙara damƙe hannunsa. Ba mu ce babu dalili ba. Amma shekarar 1975 ba ta fi wannan sauƙi ba.

Yanzu za mu faɗi abin da ya fi yi mana nauyi. Cikin watannin da muke shirin bikin nan, wata uwa daga cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a nan ta kwanta ciwo. 'Ya'yanta suna Legas da Abuja wajen neman abinci. Mako uku tana kwance. A cikin makonnin nan kwamitoci sun zauna a kan anko, a kan saniyar da za a yanka, a kan wanda zai zauna a babban tebur. Ba dattijo ko ɗaya da ya leƙa ta, har da mu masu tsayawa gabanku. Mun ga kujerarta babu kowa ranar Lahadi, kowa ya ɗauka wani ya je. Wadda take dama mata kunu safe da yamma, take wanke mata zane, maƙwabciyarta ce, Musulma. Ita ce ma ta aiko jikanta ya gaya wa matar fasto. Allah ya tashi kafaɗun mahaifiyarmu, tana zaune tare da mu yau, mun je mun roƙi gafararta ta kuwa yafe. Ba mu ambaci sunanta ba domin ta roƙe mu kada mu yi. Amma bisa ga nassin nan, wanda ya kwanta a ɗakin can mako uku ba ita kaɗai ba ce. Muna ta shirya masa biki, shi kuwa yana kwance bayan gidanmu.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da matasa sukan yi a nazarin Littafi: su wane ne 'yan'uwan nan mafi ƙanƙanta da Sarkin ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa? Masana sun rabu. Wasu sun ce almajiransa yake nufi, wasu sun ce kowane mabukaci. Ba za mu raba musu gardama a nan ba, ba ma kuwa bukata, gama Galatiyawa 6:10 ta haɗa duka biyu: a kyautata wa kowa, a fara da iyalin bangaskiya. Mun san abin da yake sa wasunmu jan ƙafa. Mun san wahalar da muka sha wajen neman fili, da maganganun da 'ya'yanmu suke ji don suna Hausawa kuma Kirista. Ba mu manta ba. Amma in ɗacin rai ya sa muka soma tambayar addinin mayunwaci kafin mu ɗebo masa hatsi, to mun zama abin da muke kuka da shi. Yawancinmu muna da ƙane ko gwaggo Musulmi, muna da kawu da yake kan al'adar kakanni har yanzu. Jini ɗaya ne, rijiya ɗaya muke sha.

Ikilisiyar farko ba ta yi wannan tambaya ba. A shekara ta 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, ya umarta a yi koyi da su. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. 'Yan shekaru bayan haka, wajen 369, yunwa ta faɗa wa Kaisariya ta Kafadokiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Basil, wanda daga baya ya zama bishop na birnin, ya sayar da gādonsa ya sayi abinci, ya matsa wa attajirai su buɗe rumbunansu, aka dafa aka ba Kirista da Yahudawa ba bambanci. Daga baya ya gina masauki da asibiti a bakin gari, har da wurin masu kuturta.

Sauran abubuwan da Sarkin ya lissafa ba mu da lokacin bin su ɗaya ɗaya. Na ƙishirwa, ruwan Tiga yana bi ta Ruwan Kanya ya wuce Kadawa da Kura, amma tsohuwar da ba ta da jika, a watan Afrilu guga ɗaya ma aiki ne gare ta. Wannan na matasa ne, ba ya cin ko kwabo. Na sutura, kuɗin ankon bikin nan kaɗai da ya rufe marayunmu duka da bargo kafin hunturu. Na kurkuku ne muka fi mantawa. A Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke tsare ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran shari'a suke yi. Wasu kuma tara ce 'yar kaɗan ta gagare su biya. Kurmawa da Goron Dutse ba su fi tafiyar rabin wuni daga nan ba. Da muka bincika littattafan ikilisiya na shekara hamsin, mun sami lissafin baiko na kowace Lahadi, ba mu sami ziyarar gidan yari ko ɗaya a rubuce ba. In ɗan wani ya shiga, mukan rage murya in uwarsa ta shigo. Sarkin bai ce sai marar laifi za a ziyarta ba.

Saboda haka Majalisar Dattawa tana kawo wa ikilisiya shawara, ba doka ba, domin taron membobi ne zai yanke. Muna roƙo a sake gina rumbu, ko da ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe. Daga godiyar kaka ta bana, rabin hatsin da aka kawo kada a yi gwanjonsa. A zuba shi a buhunan nan masu leda biyu a ciki da suke hana ƙwari ba tare da magani ba, a ajiye har Yuli. Mabuɗi biyu: ɗaya a hannun dattawa, ɗaya a hannun Zumuntar Mata, gama mata sun fi mu sanin gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. A riƙa kaiwa a ɓoye kamar yadda iyayenmu suka yi, kamar yadda Matiyu 6 ta koyar. Ba karanta suna a bagade, ba ɗaukar hoton gwauruwa da buhu a sa a Facebook ko WhatsApp. Ba kuma za a tambayi mai karɓa inda yake sujada ba, ba za a ce sai ya zo majami'a ba. Muna kuma roƙo a ware kashi ɗaya cikin uku na gudummawar da za a tara yau domin marasa lafiya da na tsare.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba dukanmu ne muka yarda da kashi ɗaya cikin ukun nan da farko ba. Wasu sun ce baƙi don sabon gini suka zo da kuɗinsu, ba daidai ba ne a karkatar. Maganarsu tana da nauyi, shi ya sa muke faɗa tun kafin a zagaya da kwano, kowa ya san inda kuɗinsa zai je. Wanda yake so nasa ya tafi gini kaɗai, ya rubuta a kan ambulan, za a kiyaye. In an amince, silin da tayil na sabon gini za su jira aƙalla shekara ɗaya, za mu ci gaba da zama a kan bencin katako.

Za a yi taron membobi Lahadi ta biyu bayan bikin nan, bayan sujadar safe, a nan cikin majami'a. Kafin ranar, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa na kowace unguwa su kawo wa sakatare sunayen tsofaffi da marasa lafiya da suke zaune su kaɗai, na cikinmu da na maƙwabta, a takarda a rufe. Dattawa za su fara zagaye ranar Talata mai zuwa da yamma, daga unguwar da take bayan makarantar firamare.